BAC ko ƙwallo? Ɗiyar yayata ta sa mu tsaka mai wuya

Kawun_Auta:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Shawara nike biɗa, don abin ya fi ƙarfin gidanmu.

Ɗiyar yayata ce, nan Tawa. Shekarunta 17, sai watan Nuwamba za ta cika 18. Tana tarminal D, wata huɗu ya rage su zauna BAC, jarrabawar gama lise. Ubanta ya rasu tun tana CM2, ni ke tsaye kan karatunta. Da maza ta fara ƙwallo a filin unguwa, takalmin ma cikin wani tsohon buhun shinkafa take ɓoye shi gidan maƙwabta, har uwar ta gaji ta ƙyale ta. Ni ban san ƙwallo sosai ba, amma ranar da na je na ga ta zubar da masu tsaron baya biyu cikin jar ƙasa ta wuce, na yarda Allah ya ba ta ƙafa.

To wani mutum ya gan ta lokacin da sunka je wasa Yamai. Ya ce yana da hanya da wata ƙungiya a Maroko, ɗaki da abinci da albashi duk wata. Sai dai wai yanzu ake son ta, ba bayan jarrabawa ba, kuma mu kawo jika 600 na fasfo da tikiti da takardu. Ita ko ta kafe. Kullum tana nuna mini ƴan matan Amurka a waya, ga wance ta ƙi koleji ta zama ƙwararriya tana 18, ga wance tana 15. Na ce ke da kin wuce koleji tun da kinka ci BEPC, mi ya haɗa ki da su? Uwar na kuka, ni kuma ina tsoron in tare ma marainiya abin da wataƙila shi ne arzikinta. Mi kuka gani?

Dan_Bukoki:
Kawu, daga jika 600 ɗin nan na daina karantawa. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke aiko da tikiti. Wanda ya ce ka kawo kuɗi, kai ne hajarsa, ba yarinyar ba.

Mushe_EPS:
Wa'alaikumussalam Kawu. A ce ma mutumin na kirki ne, akwai katangar da bai faɗa maka ba. Sashe na 19 na dokar FIFA kan sauya sheƙar ƴan wasa ya hana a ɗauki wanda bai cika 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, namiji ne ko mace. Ƙofofin da aka bari kaɗan ne: iyaye su ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba, ko cikin Tarayyar Turai ga mai shekara 16 zuwa 18, ko gidan yaron da ƙungiyar kowanne bai wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba, sai ƴan gudun hijira da ɗaliban musanya. Tawa da Maroko ba su shiga ko ɗaya. Kuma in tana da rajista a nan, sai takardar sallama ta fito ta hannun FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafar Nijar, kafin ta taka leda can.

Ke nan kafin Nuwamba babu wasan gasa ko ɗaya da za ta buga. BAC kuwa an gama shi kafin tsakiyar damina. To gaggawar ta mece ce?

Baƙuwa_a_Amurka:
Kawu ka ba ni dariya da zancen koleji, amma laifin kalmar ne. Abin da suke ce ma koleji a nan jami'a ce, ba CEG ba. Shekara shida ina nan, bari in warware kaɗan.

A nan jami'o'i ke da manyan ƙungiyoyin mata, tun wata doka ta 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati fifita maza kan mata, har a wasanni. Yarinya mai ƙafa sai jami'a ta ɗauke mata kuɗin karatu, ta buga shekara huɗu, ta fito da digiri. Wannan ne wasu ke ajiyewa su tafi gasar ƙwararru ta NWSL. Mai 18 ɗin da take nuna maka ina jin Alyssa Thompson ce. Jami'ar Stanford ta ba ta gurbi, ta fasa, Angel City ta ɗauke ta a matsayin zaɓi na farko a Janairun 2023, kuma a shekarar ta je gasar cin kofin duniya. Amma ka lura, ƙungiyar a garinsu take, Los Angeles, kuma tana bugawa tana zuwa aji har ta gama lise ɗinta. Mai 15 ɗin kuwa Olivia Moultrie ce: tana 13 ta sa hannu da Nike, a 2021 ta kai hukumar gasar kotu saboda dokar shekara 18, ta sa hannu da Portland. Iyayenta suka tattara gida kacokan suka bar Kalifoniya suka bi ta.

Yanzu ma ƙa'idar gasar ita ce wadda ba ta cika 18 ba dole ta zauna da uwa ko uba ko waliyyi, kuma ba a sayar da ita ga wata ƙungiya sai da yardarta da tasu. Mafi ƙarancin albashi a 2025 dala 48,500 ne a shekara, sama da miliyan 25 na sefa. Duk da haka iyaye a nan gardama suke yi a kai kamar yadda kuke yi.

Sarkin_Fada:
Miliyan 25?! Tanti, a tambaya mini ko suna ɗaukar tsofaffi maza masu tumbi. Ina buga lamba 5.

Baƙuwa_a_Amurka:
@Sarkin_Fada kuɗin haya da haraji na nan za su rage maka tumbin kafin ka taɓa ƙwallo.

Mai_Digiri_Kabukabu:
Ni ban ce a ba ɗan damfara kuɗi ba. Amma yadda kowa ke ɗaga BAC sama kamar tikitin Aljanna ya ishe ni. Na ci BAC da maki mai kyau, na shiga jami'a, karatun shekara uku ya ci mini biyar saboda yajin aiki da shekarun da ke hawa kan juna. Kuɗin tallafin ɗalibai sai ka manta da shi sannan ya faɗo. Yau kwalin na cikin leda a ƙarƙashin katifa, ni kuma ina kan babur tsakanin Wadata da Talaje. Abokan karatuna mata da dama suna gida. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne, shi ma wa ya samu?

Ƙafa tana da lokacinta. Karatu ana iya komawa a shekara 30, akwai masu zama BAC daga gida duk shekara. Gudu ba ya dawowa. In yarinyar na da baiwa da gaske, kowace shekara da ta yi tana buga ma jar ƙasa asara ce.

Barca_Har_Abada:
Gaskiya ka faɗa. Ku dubi Asisat Oshoala, iyayenta ba su so ba, ta bar makaranta, tana 16 Barcelona ta ɗauke ta daga Legas. Yau wa ke tambayar ta kwali?

Mushe_EPS:
@Barca_Har_Abada gyara kaɗan, ƙanena. Oshoala ta yi shekaru tana buga gida, FC Robo a Legas, sannan Rivers Angels. Duniya ta san ta a gasar ƴan ƙasa da 20 ta 2014 a Kanada, inda ta fi kowa cin ƙwallaye aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Liverpool ta je a 2015 tana 20, sai Arsenal, sai Sin, Barcelona sai 2019. Sau shida tana zama gwarzuwar Afirka, wannan ba gardama. Amma ta rigar ƙasarta aka gan ta, ba dillali ne ya nuna takarda a waya ba.

Malam_Na_Zaure:
Duk kun kauce ma asalin tambaya. Ɗiya mace baliga, da gajeren wando gaban maza, sannan a ce ta yi tafiya wata ƙasa ba muharrami. Kawu, kai ne waliyyi a aikace, kai za a tambaya gobe. Ni shawarata ta yi jarrabawarta, in miji ya fito a yi mata aure, ta ci gaba da karatu a ɗakinta.

Ɗiyar_Ader:
Malam, da girmanka, ka taɓa zuwa ka ga yadda suke shiga? Dogon wando ƙarƙashin gajeren, riga mai dogon hannu, kai a rufe. Tun 2014 aka halatta rufe kai a dokar ƙwallo, kuma a kofin duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga. Faransa ce ma ke hana shi a gasanninta. Zancen tafiya ba muharrami na yarda abin dubawa ne. Amma "ta ci gaba da karatu a ɗakinta" ɗin nan, mata nawa ka sani da anka cika ma wannan alkawari?

Malam_Na_Zaure:
Na san wasu. Rashin cika alkawarin wasu maza ba ya mai da abin da bai dace ba ya dace.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Kawu bai tambaye mu halacci ko haramci ba, yana da malamansa a Tawa. A koma kan BAC da tafiya.

Tsohuwar_Lamba7:
Na daɗe ina karantawa ban so in sa baki ba, amma maganar @Mai_Digiri_Kabukabu ce ta tsokano ni. Ka ce gudu ba ya dawowa. Haka ne, ni shaida ce, sai dai ba ta fuskar da kake nufi ba.

Na bar lise a aji na biyu saboda ƙwallo. Ba waje na tafi ba, nan Yamai ne, wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Albashi babu, sai kuɗin taksi da ɗan abin da ake ba mu in mun ci wasa, wani lokaci jika biyu, wani lokaci sanwic da ruwan leda. Ban damu ba, don an ce ana kallo na, za a kira ni Mena ta mata, ƙungiyar ƙasa. Wata Laraba da yamma a wurin horo, ba wanda ya taɓa ni, na juya kawai in bi ƙwallo, ƙafar ta kafe a ƙasa jikin ya tafi. Na ji "ɗas" cikin gwiwa kamar an karya karan dawa. Kafin magariba ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

Gida aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure. Amma ba ƙashi ba ne, jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, ligama, wadda ta fi tsinke ma mata fiye da maza. Sai bayan wata biyar na samu kuɗin hoton IRM. Likita ya ce aiki ne, bayan aikin kuma wata tara zuwa shekara kafin a koma fili. Shugaban ƙungiya ya zo sau ɗaya da lemu. Ban da takarda ko guda da ke cewa su ke da alhakin magani na. Shekarata 19 lokacin. Ba ƙafa, ba BAC.

Yau ina ɗinki, alhamdulillahi ina ci da kaina, kuma ranar Lahadi ina horar da ƙananan ƴan mata a unguwarmu. Ban yi nadamar ƙwallo ba ko kaɗan. Na yi nadamar ban tambayi "in na ji rauni wa zai biya" ba. Kawu, ko a Nuwamba ne, ko ƙungiyar gaskiya ce, wannan layin ka fara nema cikin kwantaragi. Ƴan Amurkan da take kallo in gwiwa ta tsinke albashinsu na tafiya, likita na ƙungiya ne.

Hajiya_Wadata:
Allah sarki ɗiyata, Allah ya ƙara lafiya. Kin sa ni hawaye.

Mai_Digiri_Kabukabu:
@Tsohuwar_Lamba7 yaya, Allah ya ba da lada. Ban musa ba. Amma ki ga, da kin tsaya kin yi BAC ɗin ma wataƙila ɗinkin dai za ki yi. Ni ga ni.

Tsohuwar_Lamba7:
Wataƙila. Amma da BAC da na shiga INJS, makarantar horar da malaman wasanni, na fito malamar motsa jiki, ina fili kullum ana biya na. Sau biyu ina ganin sanarwar gasar shiga ina juya kai.

Dan_Ader_Abijan:
Mu mutanen Ader tafiya ba baƙuwarmu ba ce, kowane gida akwai wanda ke nan Abijan ko Libiya. Shi ya sa zancen "a tafi a biɗo" ke saurin shiga kunnenmu. Amma mu in mun zo akwai maigida, akwai ɗan garinku da zai ba ka tabarma. Na ga yaran da anka kawo da sunan gwajin ƙwallo, iyaye sun sai da gona, dillali ya aje su ɗaki guda su takwas ya riƙe fasfo ya ɓace. Mu munka yi karo-karo munka mai da biyu gida. Waɗannan maza ne. Ku ƙiyasta ɗiya mace.

Tonton_Lazare:
Kar kuma a shafa ma Maroko baƙin fenti. Tun 2020 hukumarsu ta zuba kuɗi a ƙwallon mata har tana tallafa ma albashi, ƙungiyarsu AS FAR ta ci kofin zakarun Afirka na mata a 2022, ƙasar ta kai zagaye na biyu a kofin duniya na 2023. Ƴan Afirka ta Yamma da yawa na buga can. Hanya ce ta gaske. Abin yi shi ne a nemi sunan ƙungiyar, a rubuta musu kai tsaye, a kuma je hukuma a tambaya ko mutumin na da lasisin dillanci na FIFA.

Sarkin_Fada:
To in shekaru ne matsala, ba sai a sake mata takardar haihuwa ba? Kowa na ragewa, ita a ƙara mata wata tara.

Mushe_EPS:
@Sarkin_Fada wasa kake, amma kar wani ya ɗauka. Ranar haihuwarta na kan takardar BEPC da rajistar BAC. Ka canza ɗaya, ka kashe ɗayar. Ranar da aka gano, ita za a dakatar, ba kai ba.

Baƙuwa_a_Amurka:
Na dawo, dare ne a nan ɗazu. Kawu, ka nuna mata wasu biyu, don wayar ta fi nuna waɗanda suka tsallake karatu. Naomi Girma, iyayenta ƴan Habasha ne, ta yi Stanford, San Diego ta ɗauke ta a 2022, a Janairun 2025 Chelsea ta saye ta, ita ce mace ta farko da kuɗin sayenta ya haura dala miliyan ɗaya. Sai Michelle Alozie ta Najeriya, ta yi jami'ar Yale, ta buga ma Houston tana haɗawa da aikin binciken cutar daji a asibitin yara. Ita ta ci Afirka ta Kudu ƙwallon ƙarshe a wasan kusa da na ƙarshe, kafin Najeriya ta ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10 a Rabat a Yulin 2025.

Ƙari kuma: in ta taɓa karɓar albashin ƙwararru, ƙofar buga ma jami'a a nan na iya rufe mata, kuma ba BAC ba a ma buɗe takardunta.

Dan_Bukoki:
Tanti, duka biyun a Amurka aka haife su. Tamu tana Tawa, Turancinta na aji ne, bizar Amurka kuwa ga ɗan Nijar yanzu kin fi mu sanin yadda take. Kar mu cire mata mafarkin Maroko mu sa mata wanda ya fi shi nisa.

Hajiya_Wadata:
Ku maza kuna ta lissafin dala. Ni uwa ce, na aurar da uku, bari in faɗa muku abin da na hango. Yarinyar nan ba Maroko take so ba, gudu take yi. A ƙasar da cikin ƴan mata huɗu uku ke aure kafin 18, wadda ta kai tarminal ta san idon dangi na kanta. Kawu, ka faɗa mana gaskiya, babu wanda ke kai gaisuwa gidan?

Kawun_Auta:
Hajiya, kamar kina gidan. Akwai ɗan baffanta da ke Abijan, dangin uban sun fara magana tun bara, munka ce sai ta gama.

Na gode ma kowa. Jiya na kira mutumin na ce ya ba ni sunan ƙungiyar da lambar lasisinsa kamar yadda Tonton ya ce. Ya hau faɗa, wai ban yarda da shi ba, wai akwai wata yarinya a Dosso da iyayenta ke roƙo. Daga baya ya turo hoton wata takarda da Faransanci, akwai tambari a sama amma ba sa hannu, ba sunan yarinyar. Na ba ta wayata ta karanta duk abin da kunka rubuta. Ta ce in bari ta amsa da kanta. Ga ta.

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ba BAC nike tsoro ba, makina 12 a zangon farko, in sha Allah ina ci. Tanti Lamba 7, na karanta naki sau uku. Na yarda mutumin nan wataƙila maƙaryaci ne, tun farko ma raina bai kwanta da shi ba. Amma shi kaɗai ne ya taɓa ce mini ƙwallo na iya zama aikina. Mu 14 munka fara, yau mu 3 munka rage, sauran duk an kai su ɗaki, ɗaya har ta haihu biyu. Kowa na ce mini ki bari sai bayan jarrabawa. Ba wanda ya ce mini mi za a yi bayan jarrabawar. In Kawu zai faɗa gaban Inna da baffannina cewa in na gama, ko na ci ko ban ci ba, za a bar ni shekara biyu in je Yamai in yi karatu in buga, yau zan goge lambar mutumin.

Ɗiyar_Ader:
To Kawu, ga ƙwallo a ƙafarka.

Malam_Na_Zaure:
Yarinyar na da hankali da ladabi, Allah ya yi mata albarka. Ra'ayina bai canza ba. Amma auren dole ba na cikin abin da na ce, sai da yardarta. In Yamai ɗin ce, a hannun wa za ta zauna?

Mai_Digiri_Kabukabu:
Taura biyu ba ta taunuwa, ƙanwata. Darasi ƙarfe 8, horo ƙarfe 4, daga Harobanda ki tsallako gada kullum, kuɗin taksi wa zai ba ki? Ba hana ki nike ba, lissafi nike miki.

Mushe_EPS:
Ana taunawa, ina da ɗalibai biyu da ke yi, da wuya dai. Kuma manyan ƙungiyoyin mata a Yamai suke, har da na masu kaki, su ke zuwa wasannin share fage na shiyyar UFOA B ta Afirka ta Yamma da ƴan Najeriya da Gana da Kwaddibuwa. Nan ne masu neman ƴan wasa na gaske ke zama su kalla. A Tawa ma akwai jami'ar Djibo Hamani in zaman Yamai ya gagara, sai dai ƙwallon zai ragu.

Kawun_Auta:
Ban amsa mata ba tukuna. Ni kawu ne, ɗan'uwan uwa, kun san a zancen aure bakin baffanni ya fi nawa nauyi. Juma'a bayan masallaci zan je wurin babbansu. Akwai ƙanwarmu a Banifandu da za ta iya riƙe ta, in mijinta ya yarda.

Dan_Bukoki:
Kawu tsakaninka da Allah, ba ka riga ka ba mutumin komi ba?

Kawun_Auta:
Jika 50, wai na buɗe dosiye. Uwar ba ta sani ba.

Tsohuwar_Lamba7:
Auta, in Kawu ya sake ba ki wayar, turo mini bidiyon wasanki ta akwati, cikakke nike so, ba guntun da kika ci ƙwallo ba. Da wace ƙafa kike bugawa? Kuma kafin horo kuna ɗumama jiki da tsalle da saukowa, ko kawai zagaye fili kuke yi sau biyu a jefo ƙwallo?